Baƙin Ɗigo a Fiffiken Madam

Na gaji. Bari in fara da wannan, don kada wani cikinku ya zaci da ƙarfina nake wannan rubutu. Kwana tara na yi duk wanda ya shigo gidanmu sai ya tsaya a kaina ya yi min wa'azi, kamar ni ce mace ta farko da ta taɓa faɗa wa namiji magana a fuska.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu. Shekara biyar na yi a jami'a ina karanta halittun ruwa, na fito da sakamakon da har yau yake rataye a bangon falo, sannan na ƙare ina koya wa 'yan aji biyar sassan fure a wata makarantar kuɗi. Abin da ya rage min na karatuna shi ne tankin gilashi guda ɗaya, tsawonsa ya kai hannuwana biyu a buɗe, yana jikin bangon da ke kallon ƙofa. Ruwan gishiri ne a ciki irin na teku. Ni nake haɗa shi a bokiti, in auna, in sake aunawa. Akwai duwatsu, akwai farin yashi, akwai fitila mai shuɗin haske, da injin da ke ta gunaguni ba hutawa. Umma ta ce tun da na kawo shi ba ta ƙara jin shiru a gidanta ba.

Kifi biyu gare ni, ruwan lemo masu ratsin fari. Macen ta fi girma, ita ce a gaba, namijin yana biye da ita duk inda ta juya. Umma ce ta raɗa musu suna, Madam da Direba. Shekara huɗu Madam tana hannuna. Ta riga mai neman aurena shigowa gidan nan da shekara uku.

Shi kuwa a ɗakin gwajin jini yake aiki a wani asibiti. Umma da Goggo, yayar marigayi Abbanmu, Likita suke ce masa. Ya gyara musu ya fi sau goma, ya haƙura. Ni Malam nake ce masa, a waya kuma na ajiye shi da Mai Gwaji. Dogo ne, mai sanyin murya, irin mutanen nan da in sun zauna a kujerarka sai sun gyara maka matashin kafin su tashi. An tsayar cewa ƙarshen wata manyansa za su zo. Ba wanda ya tilasta min, kada ma ku fara. Ni na ce ina so. Sai dai ban taɓa faɗa masa da bakina ba, don ban ga dalilin da zai sa kansa ya yi girma ba.

Abin ya faro ne daga wata bitar malamai ta kwana uku da makaranta ta tura ni. Kafin in tafi na rubuta wa Umma takarda na manna a jikin tanki: abinci sau biyu, ɗan kaɗan, kada a taɓa fitila, kada a saka komai. Kalmar komai har layi biyu na ja mata.

A garin da aka yi bitar na ci karo da shagon masu kifin ado, na sayo wani ɗan reshen murjani mai rai, kore, mai yatsu masu laushi da ke kaɗawa cikin ruwa. Na daɗe ina sonsa. A cinyata na riƙo shi cikin leda har gida.

Na shigo da sallama, ko mayafi ban cire ba, sai na ga wani abu rawaya ya gifta a cikin tankina. Kifi ne, faffaɗa kamar tafin hannu, yana ta shawagi kamar gidan ubansa.

"Umma, wannan fa?"

"Sannu da zuwa ake fara cewa," in ji Umma daga ƙofar kicin, tana share hannu da gefen zane. "Likita ne ya kawo miki. Ya ce kin taɓa nuna masa hotonsa. Ki ga yadda ya haska tankin, ba waɗancan 'yan mitsi-mitsin naki ba."

"Wa ya saka shi a ciki?"

"Ni na ce ya saka. Da a leda zai kwana biyu yana jiranki? Shi ma cewa ya yi a kira ki, na ce a bar ki ki zo ki gani da idonki."

Na kalli takardata. Tana nan a manne, layi biyun ma suna nan.

Ku fahimce ni. A ƙarƙashin teburin ɗakina akwai ƙaramin tanki, ba yashi ba dutse. Duk sabon kifi a nan yake fara zama, sati huɗu cur, ana kallonsa, kafin ya haɗu da sauran. Ba tsirfa ba ce. Kifi yana iya zuwa sumul, da cuta a maƙale a jikinsa. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa mutum, kuma na faɗa wa Malam, da bakina, a kan wannan kujerar.

Na tura masa saƙo: "Na ga kyauta. Na gode."

Ya amso nan take: "Kin ji daɗi?"

Na rubuta: "Za mu yi magana." Na kife wayar. Na wanke murjanina a ruwan magani kamar yadda ake yi, na dasa shi a kan dutsen kusurwar hagu, na shiga wanka.

Kwana shida bayan nan, da safe, ina saka ɗan kunne ina leƙa tanki, na ga ɗigo baƙi a fiffiken Madam na dama. Na matsa. Biyar ne, uku a fiffike, biyu kusa da wutsiya. Washegari sun zama tara.

Na san abin. Akwai wata tsutsa ƙarama, shimfiɗaɗɗiya, da ido ba ya ganin siffarta. Tana maƙale wa kifi a fata, sai ka ga kamar an barbaɗa masa baƙin gari. In ta ƙoshi ta faɗa cikin yashi ta hayayyafa, ta dawo da ɗaruruwa. Kuma a duk kifayen da ake sayarwa, irin rawayan nan ne ya fi yin suna wajen ɗauko ta. A ranar, daga makaranta na wuce na sayo maganinta, 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, na ajiye a kan tebur kusa da tanki.

Ranar Asabar da la'asar ya zo. Farar riga ce a jikinsa, gugar har tana ɗaukar ido, da ledar tuffa a hannu. Goggo tana nan, ta baje a doguwar kujera, ta cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Likita, bismillah! Auta, kawo masa ruwa."

Ban kawo ruwa ba. Na ce, "Malam, taso ka gani."

Ya taso yana murmushi, ya zaci yabo zan yi. Na nuna masa da ɗan yatsa.

"Ka ga wannan?"

Ya sunkuya. "Na ga ɗigo-ɗigo. Da ma ba haka take ba?"

"Shekara huɗu ba haka take ba. Sai da baƙonka ya zo."

Ya juya ya bi rawayan da kallo har ƙarshen tanki. "Amma shi ban ga komai a jikinsa ba."

"Kai da kake aikin asibiti kake faɗin haka? Duk wanda ya kawo muku jini sai an ga ciwon a goshinsa? A wurin aikinku in an kawo mai cuta mai yaɗuwa, cikin masu jego kuke kwantar da shi?"

"Ke!" in ji Umma.

"A'a, Umma, bari in gama. Na faɗa masa. Na zaunar da shi na yi masa bayani, yana ta gyaɗa kai, ashe kunnensa kawai ya ara min. Abin da yake so shi ne a ce ya yi bajinta. To an ce. Ga bajintar nan a jikin kifina. Mutumin da ba zai iya riƙe magana ɗaya da na faɗa masa a kan tanki ba, me zai riƙe in na shiga gidansa?"

Ya ajiye ledar tuffa a kan tebur a hankali. Bai kalli Umma ba, balle ya ce ita ta sa shi.

"Allah ya ba ki haƙuri," ya ce. Ya durƙusa ya yi wa Umma da Goggo sallama, ya fita.

Goggo ta bi ƙofa da kallo, ta dawo da idonta kaina. "A kan wannan? Wannan abin da ko kyanwa aka miƙa wa sai ta raina?"

To daga ranar ne aka buɗe min makaranta a gida. Umma ba ta faɗa, ita nata salon daban ne. Sai ta ajiye min shayi ta ce, "Sha, uwar kifi, kada ki faɗi a gaban yaran mutane." Goggo kuwa ta mai da gidanmu ofis. Kullum da yamma tana nan.

"Kin kira shi?"

"Ban yi laifin da zan kira shi ba."

"Oho. To ki sa Direba ya turo manyansa."

"Goggo, gaskiya na faɗa."

"Ita gaskiyar ba ta da ƙaramar murya ne? Ni ma na yi zaman aure shekara talatin da biyu, kuma gaskiya na riƙa faɗa wa mijina har ya koma ga Allah. Amma ban taɓa yi masa a gaban uwata ba."

Yayana ma daga inda yake aiki ya turo saƙon murya na minti huɗu. Ban saurara ba. Na san abin da ke ciki.

Shi kuma Mai Gwaji, saƙo ɗaya yake turowa kowace safiya: "Ina kwana. Ya jikin Madam?" Ni kuma in amsa da lamba. "Sha ɗaya." "Sha uku." "Sha uku." Ba ya ƙarawa, ba na ƙarawa. In na ga alamar yana rubutu sai in ƙura wa wayar ido, sai kuma alamar ta ɓace. Ba zan ɓoye muku ba, na sha riƙe wayar nan har ta yi ɗumi a hannuna.

Za ku ce me ya hana ni ba ta maganin. Maganin nan ba wasa ba ne. Wanka ake yi wa kifi da shi, kuma yana ƙona wurin numfashinsu. Mai cuta ana yi masa don ba yadda za a yi. Mai lafiya, musamman wadda ta kwana biyu a duniya kamar Madam, yana iya shiga da ƙafarsa a fito da shi a kife. Ƙa'ida ita ce sai ka ga tsutsar da idonka.

Haka na yi wa Umma bayani ranar da ta tambaya. Sai ta ce:

"Wato kifin sai kin tabbatar kafin ki taɓa shi."

"E mana."

"Shi kuma ɗan mutane?"

Na tashi na shiga ɗaki.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Kifin da tsutsa ta kama yana goga jikinsa a dutse, yana haki, yana ƙin abinci. Madam tana cin nata ta ƙwace na Direba. Direba fes yake. Rawayan ma fes, kuma a jikinsa ɗigo ɗaya baƙi ba zai ɓoyu ba. Kullum da safe nakan tsaya da ɗan tocilan ina bin jikinsa, ina neman ɗigo kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ku ji fa. Ina fatan kifi ya kamu da cuta don kada maganata ta faɗi ƙasa.

Rana ta takwas na ce a yi ta ta ƙare. Na tanadi ruwan da ba gishiri, na daidaita ɗuminsa da na tanki, na zuba a farar roba. Ita tsutsar teku ba ta jure ruwan daɗi. In an tsoma kifin na 'yan mintuna sai ta saki ta zube a ƙasa. Kama Madam kaɗai ya ɗauke ni rabin awa, hannun rigata ya jiƙe har kafaɗa. Da na saka ta a robar sai ta kwanta a gefe ɗaya, bakinta yana buɗewa yana rufewa.

"Innalillahi, kin kashe ta," in ji Umma a bayana.

"Haka suke yi."

Na faɗa da ƙarfin hali, idona a kan agogo. Minti huɗu. Na mayar da ita, ta yi wani juyi ta shige bayan dutse. Ɗigon jikinta suna nan yadda suke. A ƙasan robar kuwa ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa, shida ko bakwai, ƙanana kamar ƙura. Tsutsa ce? Datti ne? Ido ba zai raba ba. Na zuƙe su da sirinji na juye a 'yar kwalba.

Madubin duba ƙwayoyin cuta na makarantarmu ya fi shekara biyu a kulle a kabad, gilashinsa ya yi funfuna, in baƙi sun zo ake fito da shi a ɗauki hoto. Mutum ɗaya na sani mai madubi mai aiki.

Sau biyar na rubuta ina gogewa. A ƙarshe na tura: "Ina da abin da nake so a duba min. Aiki ne kawai."

"Gobe ƙarfe biyu, layi ya ragu," ya amso.

Na ce aiki ne kawai, amma sai da na canza kaya sau uku. Na tsaya a kan doguwar riga mai ruwan toka, wadda ba ta cewa komai, da baƙin mayafi, da takalmi mara tsini. Ban shafa jan baki ba. Turare dai na fesa, kaɗan.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen wani dogon baranda, bayan inda ake karɓar magani. Benci biyu a waje, wata tsohuwa tana danne da auduga a gwiwar hannu. Ciki sanyi, warin sinadarin wanke ƙasa, firji yana ƙara, kwalabe masu murfi ja da shuɗi a jere cikin ragar ƙarfe. Yana zaune a kan doguwar kujera mara jingina, farar rigar aiki a jikinsa, biro biyu a aljihu. Ya rame. Ko kuwa hasken fitilar ne, ban sani ba.

"Sannu da zuwa, Malama."

"Yauwa. Ga shi."

Ya sa safar hannu, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ya rufe da wani siriri, ya ɗora. Ya sa ido. Yatsunsa suna murza abin a hankali, gaba, baya. Ya ɗiga na biyu. Ya ɗiga na uku, har ya tatse kwalbar. Ina tsaye, jaka a rungume, ina kallon bayan wuyansa.

Ya ɗago. Bai kalle ni ba.

"Akwai," ya ce. "Tsutsa ce. Kin yi gaskiya. Laifina ne."

Ya kai hannu zai zare gilashin.

"Dakata. Matsa in gani."

"Ba sai kin..."

"Malam, shekara biyar na yi a kan irin wannan kujerar. Matsa."

Ya matsa. Na ɗage mayafi na sa ido.

Ƙwayar yashi ce ta fara bayyana, mai kusurwa-kusurwa kamar fasasshiyar kwalba. Na gusa. Zaren gansakuka, kore. Na gusa. Ɓarɓashin abincin kifi da ya jiƙa ya kumbura. Na bi gilashin layi-layi, daga sama har ƙasa, yadda aka koya mana. Na ɗauko na farko da na biyu da ya ajiye a gefe, na bi su su ma. Ba abin da ke motsi. Ba abin da ya taɓa motsi. Babu tsutsa ko ɗaya.

Idona yana kan madubin, amma abin da nake gani daban. Madam nake gani a kusurwar hagu, tana birgima cikin yatsun koren murjanin nan kamar yaro a sabuwar katifa. Tun kwana biyu da dasa shi ta mai da shi gado. Har hoton bidiyo na ɗauke ta ina dariya. Murjani yana da harbi. Irin su Madam suna jurewa, amma fatar takan yi baƙin tabo a inda ya taɓa, tabon da ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa, yana gogewa da kansa in jiki ya saba. Na san wannan. Na taɓa rubuta shi a jarrabawa, na ci maki cikakke.

Ba baƙonsa ba ne. Nawa ne, wanda na riƙo a cinyata.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a sunkuye ba. Wuyana ya ƙage. Na san yana tsaye a gefena, na san ya san abin da ke kan gilashin, na san ya san na sani. Kalma uku kawai ake bukata: ni na jawo.

Na ɗago, na gyara mayafi, na ce, "Na gani."

Ga abin da na zo in faɗa muku ke nan. Ba wanda ya matsa min. Na ce na gani.

Ya dube ni a karo na farko tun shigowata. Ba fushi a fuskarsa. Da fushi ne da na san yadda zan yi da shi. Wani abu ne kamar na mutumin da ya daɗe a tsaye a tasha, aka zo aka ce masa motar ba za ta zo ba.

"To, alhamdulillahi," ya ce. Ya cire safar hannu ya jefa a kwandon shara. "Zan kira Umma in ba ta haƙuri."

"Yadda ka gani."

Ya rako ni har ƙarshen baranda. Tsohuwar nan ta bi mu da kallo tana murmushi, ta zaci abin arziki ne. A bakin ƙofa ya tsaya, ya sa hannu a aljihun rigar aiki.

"Malama."

"Na'am."

"Maganin nan da kika saya. Kada ki yi gaggawar ba ta."

Ya juya ya koma ciki.

A mota na buɗe bidiyon. Sau huɗu na kalla. Gefen dama take kwantawa a kai, kullum gefen dama. Na kashe wayar na jingina kai da gilashi. Mai motar yana ta ba wani fasinja labarin tsadar taya. Na yi fatan hanyar ta ƙara tsawo.

Tun daga ƙofa na ga takalmin Goggo. Na yi sallama. Suna zaune su biyu, kuma yadda suka amsa ya nuna min ya riga ya kira.

Goggo ta yi gyaran murya. "To, 'yar boko. Likita ya ce ya duba da na'ura, abin da kika faɗa shi ne. Ya ce tun ranar farko kika gano, shi da yake cikin asibiti bai gano ba." Ta taɓe baki, amma na ga tana jin daɗi. "Bakinki dai ba shi da linzami, wannan ba na janyewa. Amma kan yana ja. Na Abbanki ne. Ya ce manyansa suna nan zuwa yadda aka tsara."

Na tsaya riƙe da jaka. Ban taɓa jin Goggo ta yabi wani mai rai ba.

Umma ta dube ni. Ta tashi ta zo gabana, ta kama gefen mayafina tana gyarawa, abin da ba ta yi ba tun ina sakandare. Idonta ya yi ja.

"Auta, ni na ce ya saka. Yaron nan sau biyu yana cewa a kira ki. Kin rubuta min takarda, na karanta, na ce wannan iyayinki ne. Kwana tara baiwar Allah nan tana fama da tsutsa a jiki saboda ni, ina kuma tsaye ina yi miki gori. Ki yafe min."

"Umma..."

"A'a, ki bari. Girma ba ya hana a ce an yi kuskure." Ta share ido da bayan hannu, ta ja ni zuwa tebur. "Kin ce da an tabbatar za a yi mata. Ga shi an tabbatar. Na wanke miki bokiti, ban sa sabulu ba, na tuna kin hana. Ni zan riƙe miki ragar. Yi mata yanzu ta huta."

Ta miƙo min kwalbar maganin. Ta ɗauki ragar da hannu biyu, ta tsaya a gefen tanki a shirye, kamar ɗalibar da ke jiran umarni. A kusurwar hagu Madam tana kwance cikin murjaninta, cikinta a cike, Direba yana gadi a gefe.

Na murɗe murfin. Warin ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa.

"Cokali nawa ake sawa?" in ji Umma.

Na mayar da murfin, na ɗaure shi tam, na ajiye kwalbar can nesa da bokitin.

"Umma, ajiye ragar."

"Me kuma ya faru?"

"Ki ajiye, ki zauna. Goggo, ke ma ki matso kusa ki ji da kyau, don na san shekara goma za ki yi kina maimaita abin da zan faɗa."

Umma ta zauna a bakin kujera, ragar tana ɗiga a kan cinyarta. Goggo ta dube ni sama da ƙasa, ta sauko da ƙafafunta daga kujera, ta sa yatsa ta zame ɗankwali daga kan kunnenta.

"Muna jin ki," ta ce.